LIKITA MILA, WANDA YA JUYA MANA LITTAFI MAI-TSARKI

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a wannan wata muna so mu kawo muku labarin wani bawan Allah wanda da yawa cikinmu mun ci moriyar aikinsa, amma ba mu san ko sunansa ba. Sunansa Walter Miller, amma mutanen Zazzau Likita Mila su ke ce da shi. Shi ne babba cikin waɗanda suka juya dukan Littafi Mai-Tsarki da Hausa, wanda aka buga a shekara ta 1932. Mu masu-bi da ke zaune a Gyadi-Gyadi da Tarauni, labarin nan ya shafe mu ƙwarai. Titin Zariya ya ratsa ta unguwarmu. Daga Zariya kuwa mutumin nan ya nufo Kano da fari, aka kore shi. A Kano kuma ya zo ya zauna bayan shekara kusan 30, ya ƙarasa aikin juyi. Bari mu duba irin wahalar da aka sha kamin Littafin nan ya zo hannunmu, sa'an nan mu tambayi kanmu abin da mu ke yi da shi.

Waɗanda suka riga shi

Ba Likita Mila ne ya fara juya Maganar Allah da Hausa ba. Akwai wani Bajamushe mai suna Schön, ma'aikacin mishan ɗin C.M.S., wanda ya yi shekaru masu yawa yana nazarin Hausa, ko da shi ke bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Babban mataimakinsa wani yaro ne Bahaushe, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta tun yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi, matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Da taimakonsa aka buga Bisharar Matta da Hausa a 1857, Sabon Alkawali kuma ya fito a 1880. Dorugu ya komo gida daga baya, ya rasu a 1912 a Nasarawa ta Kano, maƙwabciyar unguwanninmu.

Amma littattafan nan ba su yaɗu ba. Dalili kuwa shi ne, a lokacin babu ekklesiya a ƙasar Hausa da za ta karanta su. Littafi ba ya karanta kansa. Sai an sami jama'a masu taruwa a kansa, suna ji, suna tambaya, suna aikata abin da suka ji. Mu riƙe wannan a zuciya, gama shi ne kan maganarmu.

Haihuwarsa da shirinsa

An haifi Walter Miller a shekara ta 1872 a garin Honiton, kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew a birnin London. A zamanin nan labarin ƙasar Hausa ya fara shiga kunnen masu-bi na Ingila, musamman bayan da wani malami, Charles Robinson, ya zo Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya rubuta labarin birnin da kasuwarsa da yawan jama'arsa. Saurayin likitan nan ya ba da kansa ga C.M.S. domin aikin bishara cikin Hausawa.

Abin da ya fara yi shi ne koyon harshe. A 1899 aka aike shi Tarabulus, a bakin teku, arewa da Hamada. Me ya kai mai neman Hausa Tarabulus? A zamanin nan ayarin fatake ya kan tashi daga Kano ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, mahajjata kuma su kan bi ta nan, saboda haka akwai Hausawa da yawa a garin. Cikinsu ya gamu da wani yaro mai suna Abdul Majid, wanda ubansa ya rasu a hanyar Makka. Yaron nan ya taimake shi koyon Hausa, ya tafi ya sauke farali, daga baya kuma ya komo wurinsa. Likita Mila ya dage da koyo har ya zama yana jin Hausa kamar ɗan ƙasa. Tun a 1901 ya buga ɗan littafin koyon Hausa domin Turawa.

Tafiyar Kano ta 1900

A farkon shekara ta 1900 mutum biyar suka tashi daga Ikko za su Kano. Shugabansu Bishop Tugwell ne, sauran kuwa su ne Likita Mila, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Babu jirgin ƙasa tukuna, gama sai a 1911 dogo ya iso Kano. A ƙafa da bisa doki suka yi tafiyar, wata da watanni. Da suka iso Zariya, Sarki Kwasau ya karɓe su da fara'a. Daga nan suka wuce Kano cikin watan Afril.

Sarkin Kano Alu bai yi murna da zuwansu ba. Ya kamata mu yi adalci cikin ba da labarin nan. A ran 1 ga Janairu na wannan shekara ne Lugard ya kafa tutar Ingila a Lokoja, ya ce Arewa ta zama ƙarƙashin mulkinsu. Ga Turawa kuma sun shigo birni ba da izini ba. Ba abin mamaki ba ne da Sarki ya ɗauke su 'yan leƙen asiri. Ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su fita masa daga gari. Suka fita, suka koma kudu da Zariya, suka sauka a wani ƙauye mai suna Girku. A nan Dudley Ryder ya kamu da ciwo ya rasu, aka binne shi. Richardson kuma ciwo ya sa aka mai da shi gida. Ga idon mutum, tafiyar nan asara ce tsantsa. Amma Likita Mila bai ɗauke ta ƙarshen magana ba. Ya koma Ingila, ya sake dawowa Girku, yana jiran ƙofa ta buɗe.

Gida mai karatu a birnin Zazzau

A 1905 ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, aka ba shi wuri a Durumin Mai-garke. Nan ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara. 'Yar'uwarsa Ethel ta zo ta taya shi aiki. Shi bai yi aure ba, yaran da ya goya su ne suka zama iyalinsa.

Kada mu zaci gwamnatin Turawa ta sauƙaƙa masa. Bayan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka taƙaita aikin mishan cikin ƙasashen sarakuna. Likita Mila kuwa mutum ne mai zafin rai, ba ya iya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru. Ya yi ta saɓani da ma'aikatan gwamnati, ya yi da Sarkin Zazzau, har da abokan aikinsa na mishan. Waɗansu lokatai gaskiya na gare shi, waɗansu lokatai kuma harshensa ya ɓata abin da haƙuri zai gyara. Ba mu ɓoye wannan ba, gama Littafi Mai-Tsarki kansa bai ɓoye kasawar Musa da Bitrus ba.

Waɗanda suka ba da gaskiya ta wurin aikinsa a Zariya ba su da yawa. Wanda ya auna aikin da ƙidayar mutane zai ce an yi noma a kan fako. Amma abin da ya ke yi cikin gidan nan ya fi ƙidaya. Yana koya wa yara karatu da rubutun boko, yana karanta Maganar Allah tare da su, yana kuma juya ta littafi bayan littafi. Aikin juyi ba na mutum ɗaya ba ne. Baƙo ko ya iya harshe kamar me, sai ya koma wurin 'yan ƙasa ya ji ko maganar ta zauna daidai a kunnensu. Da ɗan gari a kan ci gari. Saboda haka Hausawan da suka zauna tare da shi suna da rabo babba cikin Littafin da mu ke riƙe da shi, ko da ba a rubuta sunayensu a bangonsa ba.

Isawa

A cikin shekarun nan aka yi wani abu wanda tushensa a Kano ya ke. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami a birni mai suna Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alkur'ani ya lura da girman da aka ba Annabi Isa, ya tara almajirai yana koya musu a kan haka. Bisa ga labarin da zuriyar almajiransa suka riƙe, an neme shi ya bar wannan koyarwa, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kurmi. Almajiransa suka watsu zuwa kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, wajen ƙasar Ningi. Su ne a ke kira Isawa. Ba su da Linjila a hannu, ba su taɓa ganin mai-bishara ba. Duk da haka suka yi shekaru fiye da 40 suna riƙe da ɗan abin da suka sani, iyaye suna faɗa wa 'ya'ya, suna sauraron ranar da za a kawo musu sauran labarin Isa.

A 1913 waɗansu daga cikinsu suka iso wurin Likita Mila a Zariya. Da suka ji bishara da harshensu, da yawa suka karɓa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, mutum sama da 100, da ɗakin sujada da makaranta. Wani baƙin mutum daga tsibiran Yammacin Indiya, Rev. Thompson, shi ne ya zauna tare da su yana koya musu. A nan ne aka fara ganin ƙauyen Hausawa masu-bi, suna noma, suna karatu, suna sujada tare.

Amma ashe wurin yana da ƙudan tsando. Ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, cikin 'yan shekaru kaɗan ya kashe yawancin mutanen. Aka bar Gimi kango, aka kwashe yaran da suka ragu zuwa Zariya. Ba mu da amsar da za mu ba wanda ya tambaya don me Allah ya bar wannan ya faru. Abin da mu ke iya faɗi shi ne, iri bai mutu ba. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, likita, ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, wanda ya ƙare kwanakinsa cikin hidimar Ubangiji. Daga makarantar Likita Mila kuma aka sami Dokta Barau Dikko, likita na fari ɗan Arewa, wanda babban asibiti a Kaduna ke ɗauke da sunansa, da John Tafida Wusasa, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Littafi ya fito

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa. Likita Mila bai ji daɗin barin birni ba. Ya bar aikin Wusasa a hannun waɗansu, ya taho Kano, ya mai da hankalinsa duka ga ƙarasa juyi. Ba shi kaɗai ba ne. Mishan dabam dabam sun haɗa kai cikin aikin, cikinsu har da Dokta Stirrett na S.I.M., wanda Hausawa ke kira Bature Mai Magani. A 1932 Ƙungiyar Littafi Mai-Tsarki ta Ingila ta buga dukan Littafin da Hausa, littattafai 66, Tsohon Alkawali 39, Sabon Alkawali 27. Daga ranar da aka kore shi daga Kano zuwa ranar nan shekara 32 ke nan. Mai haƙuri ya kan dafa dutse.

Masu juyin nan ba su ƙago mana baƙin kalmomi ba inda Hausa ta riga ta tanada. Suka ɗauki sunan Allah, da Ubangiji, da annabi, da Attaura, da Zabura, da tuba, da alheri, da gafara, kalmomin da kowane Bahaushe ya sani tun yana goye. Saboda haka maƙwabcinmu Musulmi idan ya ji ana karantawa, ba ya bukatar tafinta.

Likita Mila ya bar C.M.S. a 1935, ya tafi Ingila, amma zuciyarsa tana nan. Ya komo a 1939, ya yi sauran kwanakinsa yana koyarwa yana rubuce-rubuce a kan makomar Nijeriya. Ya rasu a 1952 a Bukuru kusa da Jos, yana da shekara 80.

Littafin ya tafi inda mai juyinsa bai zata ba. Shi Hausawan birni ya ke nema, amma waɗanda suka fi rungumar Littafin su ne kabilun ƙasar Jos da kudancin Zazzau da Bauchi da Adamawa da Borno, waɗanda Hausa ta zama musu harshen kasuwa da na sujada. Ya haye iyaka kuma zuwa Maraɗi da Damagaram. Da shi aka koyar a makarantun Littafi Mai-Tsarki kamar na Kagoro da na Tofa kusa da Kano. Da shi Zumuntar Mata ta yi girma. Harshe kuwa yana sakewa, saboda haka aka yi ta gyara. Dokta Bargery, mai babban ƙamus na Hausa na 1934, wanda tun yana saurayi ya yi aiki tare da Likita Mila, ya komo Kano cikin tsufansa a shekarun 1950 domin aikin sabon juyi. Wajen 1980 aka fitar da dukan Littafin cikin sabuwar Hausa. Shi ya sa za ka ji tsofaffinmu suna cewa ƙamna da Yesu Kristi, matasa kuwa suna cewa ƙauna da Yesu Almasihu. Maganar ɗaya ce, kada wannan ya raba mu.

Abin da ya rage gare mu

To, 'yan'uwa, ga labari mun ji. Isawa sun yi shekaru suna jin yunwar Littafin da ba su da shi. Mu kuwa yana cikin ɗakunanmu, yana cikin wayar da ke aljihunmu, har akwai wanda aka karanta da murya domin wanda bai iya karatu ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Ran Lahadi majami'a ta kan cika har waje. Ranar nazarin Littafi Mai-Tsarki a tsakiyar mako fa, mutum nawa ke zuwa? Sau da yawa mata ne da tsofaffi, maza sun tsaya kasuwa ko wurin aiki, samari suna wurin kallon ƙwallo. Kullum safe da yamma muna jin muryar yaran maƙwabtanmu a makarantun allo da na Islamiyya cikin lungunan Gyadi-Gyadi, ba fashi. Wannan naciya tasu abin koyi ce gare mu. Yaronmu da bai san Littafinsa ba, me zai amsa ran da abokinsa ya tambaye shi dalilin bangaskiyarsa? Mai-bi da bai san Littafinsa ba kuma, shi ne abincin masu wa'azin kuɗi da annabawan ƙarya, waɗanda su kan tsinci aya ɗaya su bar abin da ke gabanta da bayanta.

Littafi Mai-Tsarki kansa ya nuna mana karatu aikin jama'a ne. Ku duba Nehemiya sura 8, yadda Ezra ya karanta Attaura a gaban dukan taro, maza da mata, Lawiyawa kuma suna bayyana ma'ana har kowa ya gane. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 8, yadda mutumin Habasha ya ke da littafin Ishaya a hannu, amma bai gane ba sai da Filibus ya hau ya zauna tare da shi. Ku duba sura 17 kuma, yadda aka yabi mutanen Biriya domin kowace rana suna bincike ko abin da Bulus ya faɗa musu haka ya ke. In har an auna wa'azin Bulus da Littafi, balle namu?

Ga shawara uku da mu ke ba kowace ekklesiya. Ta fari, kowane mai gida ya tara iyalinsa sau ɗaya a rana, a karanta, a yi addu'a, ko da na minti goma ne. A bar yara su riƙa karantawa da bakinsu. Timoti a gida ya koyi Littattafai tun yana jariri, a hannun uwarsa da kakarsa. Ta biyu, a karanta Littafin bi da bi, kada a riƙa tsalle. Surorinsa duka 1,189 ne. Wanda ya karanta sura 3 kowace rana, ran Lahadi kuwa sura 5, zai sauke shi cikin shekara guda. Ta uku, gidajen da ke kusa da juna, huɗu ko biyar, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako a gidan ɗayansu, su ɗauki littafi guda kamar Markus su bi shi har ƙarshe. Wanda ya iya karatu ya koya wa wanda bai iya ba. Wanda ya ke da tambaya ya yi ta ba kunya, abin da ya gagara a kai wa fasto da dattawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin irin wannan zama ne a kan san wanda ba shi da lafiya, da wanda aiki ya ƙare masa, da wanda ƙafarsa ta fara zamewa, a tallafe shi tun da wuri.

An binne Dudley Ryder a Girku. An binne mutanen Gimi. Likita Mila ya ba da ƙuruciyarsa da tsufansa. Dukansu sun gama nasu rabo. Wanda aka danƙa wa abu mai yawa, za a bi shi bashi mai yawa, mu kuwa an danƙa mana dukan Littafin cikin harshen da muka sha a nono. Dattawan ekklesiya, muna roƙonku ku zauna a kan maganar nan tun cikin wannan wata, ku tsai da rana da gidajen da za a fara. Allah ya ba mu yunwar Maganarsa, ya sa mu zama masu ji da masu aikatawa. Amin.